Gatari da Ƙarfen Ceto a Ma'ajin Masallaci

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Waɗanda suka fara kai ɗauki su ne mutanen da ke kusa, kuma haka lamarin yake a kowace gobara ko rushewar gini a cikin birni.

Duk wanda ya san lungunan Kwarbai da Unguwar Juma ya san motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga yawancinsu. A bakin titi take tsayawa, a ƙarasa da ƙafa. Ga shi tsoron ɓarayi ya sa mun ɗaure tagoginmu da ƙarfe, mun garƙame ƙofofi da kwaɗo. Idan wuta ta tashi da tsakar dare a cikin hunturu, abin da muka kafa don tsaro shi ke tsare iyali cikin hayaƙi.

Ma'aikatan kashe gobara na birnin Niyok sun daɗe da irin wannan matsala. A 1948 wani jami'insu, Hugh Halligan, ya ƙera ƙarfe guda mai baki uku: na ɓamɓare ƙofa, na tsaga, da tsini na karya kwaɗo. Mutum ɗaya ke saɓa shi, ba ya shan fetur. Maƙeranmu ba za su gaza yin irinsa ba.

Ceton rai farilla ce ta kifaya, kuma malaman usulu sun tabbatar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. A Mukhtasar, Shaihu Halilu ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya tsamar da rai daga halaka ya ƙi. To, ina hujjarmu, mu da ke tara kuɗin fenti da darduma duk shekara?

Muna kira ga kwamitin kowane masallacin unguwa ya tanadi wannan ƙarfe, da gatari, da almakashin yanke rodi, da shebur, a ajiye inda ladan da mai unguwa ke da mabuɗi. Sai dai kayan aiki a hannun wanda bai iya ba haɗari ne: ƙarfe na jan lantarki, saran bangon ƙasa barkatai kuma na iya rufto azara. Don haka a nemi hukumar kashe gobara ta Jihar Kaduna ta horar da 'yan agajinmu da ɗalibai tun kafin sanyi ya kama.