Manomi, ka san sheƙar da za ka rushe



Da hatsi ya fara ɗaukar ido, sai mu tura yara da majajjawa su rushe duk sheƙar da suka gani. A ganina kuskure ne. Muna huce haushi a kan wanda bai ci mana kome ba, ɓarawon kuwa yana can daji yana hayayyafa.

Dubi baiwar Allah, ƴar tsuntsuwar nan da mijinta ja ne, mai yin sheƙa cikin jinkar ɗakinka. Da busasshiyar ciyawa da gashin kaji take gina ta. Ƙwai 3 zuwa 6 take yi, ita da mijinta suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 11 ko 12. Abincinta ƙananan ƴaƴan ciyawa ne da take tsinta a ƙasa. Ka bar ta.

Jan baki shi ne abin tsoro. Ba ya sheƙa shi kaɗai. Wajen ƙarshen damina, Agusta zuwa Satumba, dubbai kan dubbai suke taruwa cikin itatuwan ƙaya, nesa da gari. Namiji ne ke saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa, cikin kwana 2 ko 3. Macen ta yi ƙwai 3, ta yi kwanci kamar kwana 10. Ƴaƴan, da fara da tsutsa ake fara ciyar da su, sannan ƴaƴan ciyawa. Bayan mako 2 sun bar sheƙa. Duka aikin bai wuce mako 6 ba. Waɗannan sababbin tashi, masu yunwa, su ne ke sauka cikin hatsi da dawa, da shinkafar bakin kogin Isa irin ta Saga da Kirkisoi kusa da Yamai.

To, ga shawarata. In makiyayi ko mai itace ya ga garken yana ɗaukar ciyawa, a sanar da mai gari da malamin gona a ranar, su kai labari ga ma'aikatar kare tsirrai. Wanda ya jira har ƴaƴa suka tashi ya makara. Ku daidaita lokacin shuka da maƙwabta, don gonar da ta nuna ita kaɗai ita tsuntsu ke tarar wa. Hatsi mai gashi a zangarniya yana hana shi sakewa. In amfani ya nuna, a girbe ba jinkiri.

Wani zai ce a fesa magani a huta. Tun zamanin ƙungiyar OCLALAV, da aka kafa a 1965, ake fesa, jan baki bai ƙare ba. Maganin kuma yana kashe shaho da sauran masu cin fara. Tsuntsun da ka tsinta inda aka yi feshi, kada ya shiga tukunyarka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.