Keken guragu ba buhun shinkafa ba ne

Duk ranar 3 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu buƙata ta musamman, abin da muka saba gani ɗaya ne: a kafa rumfa, a jera kekunan guragu sababbi fil cikin leda, mai girma ya miƙa, a ɗauki hoto, a watse. Ban ce a daina ba. Wanda yake jan ciki a ƙasa ya samu abin hawa, ai an yi masa alheri. Amma wa yake komawa bayan wata shida ya duba ko keken na tafiya?

Keke sai an auna shi da jikin mai shi: faɗin ƙugu, tsawon ƙafa, irin lalurarsa, da irin hanyar da zai riƙa bi. Yawancin waɗanda ake rabawa an ƙera su ne don tura marar lafiya a kan daɓen asibiti. Da sun shiga yashi da kwatocin lungunanmu, ƙananan tayoyin gaba sun ɓalle, kuma ba inda ake sayar da irinsu. Ga mai ciwon laka kuwa abin ya wuce asarar kuɗi, domin zama ba tare da matashin da ya dace ba yana haifar da gyambo, gyambon kuma yana kisa. Haka ƙafar roba take. Dungulmi yana sauya siffa, yaro yana girma, dole a riƙa komawa ana gyarawa. Na'urar ƙara ji tana son gwajin kunne tukuna, sannan batir a kai a kai. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keke, inda awo, koyar da amfani da bibiya duk suka shiga cikin aikin. Mu miƙawar kawai muka riƙe.

Rahoton da hukumar ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne a duniya ke buƙatar irin waɗannan kaya, har da tabarau, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta, uku ne kacal cikin ɗari na mabuƙata suke samu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne muna da maganin wani ɓangare a hannunmu. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta daɗe tana ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Cibiyar Beautiful Gate da ke Jos ma aikinta ke nan. Bututun ƙarfe ne da walda da kayan keken hawa, saboda haka kowane mai faci a bakin titi zai iya gyara shi. Masu ƙerawar su ne masu hawa, sun san inda yake ciwo. Wani ma bayan keken yake ɗora akwati ya mai da shi shagon tafi-da-gidanka, ya bar bara har abada. Ba kowa irin wannan keken zai yi wa ba, tunda yana son ƙarfin hannu kuma ba ya shiga ɗaki. Duk da haka, me ya hana gwamnatocinmu ba su kwangila maimakon odar kwantena daga waje?

Makafi su kuma waya ce ta buɗe musu ƙofa. TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone suna karanta wa mutum abin da ke kan allo, NVDA kuma kyauta ce a kwamfuta. Makahon da aka koya wa zai karanta saƙonsa da kansa, ba sai ya miƙa wa ɗan jagora sirrinsa ba. Saura koyarwar, da samar da murya mai karanta Hausa tiryan-tiryan. Ga aiki nan ga sassan harsuna da na kwamfuta na jami'o'inmu.

Doka dai akwai. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya leƙa banki ko sakatariyar ƙaramar hukumarsu, ya ƙirga matakalar bakin ƙofa. Mu ma ba mu fita ba: masallatan Juma'a nawa ne mai keke zai shiga ba tare da an ciccibe shi ba?

Ƙwararru muna da su a Asibitin Ƙashi na Dala, da cibiyoyin ido da kunne na ƙasa da ke Kaduna, sai dai sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Ina kira ga gwamnonin Arewa da su sa waɗannan kaya cikin inshorar lafiya ta jihohinsu, su buɗe sashen awo da gyara a kowane babban asibiti, su kuma ɗauki masu nakasar aiki a wurin. Kai kuma mai niyyar sadaka, kafin ka saya wa wani keke, je ka tambaye shi wane iri yake so, ka kuma ware kuɗin gyaransa na shekara.