Dakaren da Dokokin Wasa Suka Manta

Mai ziyara a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato yakan ji sunayen manya: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Wanda ba a ambata shi ne dakaren da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa, ya ƙi gudu lokacin da dawaki suka taso. Saboda wannan dakare nake da ja da dokokin wani wasa da ake yi a kan tebur.

Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane kaɗan ke zama, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, alƙalin wasa ya riƙa ba da labari, a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20 don a san ko sara ya samu. Salo ne da ya dace matasanmu su ara don koyar da tarihin ƙasar Hausa. To amma idan suka kwaso dokokinsa na yaƙi yadda suke, ƙarya za su koyar.

A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, garkuwa tana ƙara wa mai riƙe da ita kariya da maki biyu, shi kaɗai. Mayaƙi goma a jere, kowa da garkuwarsa, ba su fi goma da suka warwatsu kariya ba, sai dai wanda ya zaɓi wata ƙwarewa ta musamman ya iya tare wa maƙwabcinsa sara ɗaya a kowane zagaye. Mashi na yau da kullum ba ya kai wa fiye da inda takobi ke kaiwa. Batun karayar zuciya kuwa an bar shi a matsayin dokar ganin dama. Darasin da ɗan wasa ke ɗauka shi ne ya fita daga sahu ya nemi suna.

Tarihi bai yarda da wannan darasi ba. A Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifida da mayaƙan Abzinawa. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi, yawancinsu dakaru ne da 'yan baka, dawakinsu 'yan kaɗan. Gobirawa sun matse gefunan rundunar har suka haɗe da tsakiya, amma tsakiyar ba ta fashe ba, aka yi ta ruwan kibiya har mahaya suka juya. A Ingila ma, a yaƙin Hastings na 1066, bangon garkuwar Ingilishi ya jure hare-haren dawakin Normandi tsawon sa'o'i. Ya fara rauni ne lokacin da wasu suka bar sahu don su bi abokan gaba. Makaman sun bambanta, sirrin ɗaya ne: doki ba ya son faɗa wa taron da ya ƙi motsi, kuma mafi yawan kisa yakan auku bayan sahu ya watse. Sakkwato ta sake ganin haka ta fuska mai ɗaci ranar 15 ga Maris 1903, sa'ad da sojan Birtaniya suka tsaya cikin tsari mai kusurwa huɗu da bindigogin Maxim, jarumtakar ɗaiɗaikun mahaya ta kasa kai musu.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A sa garkuwa ta kare mai ita da wanda ke gefensa, ta yadda faɗuwar mutum ɗaya za ta buɗe biyu. A bar sahu na biyu ya kai suka da mashi ta kan kafaɗar na gaba. A ba kowane sahu ma'aunin ƙarfin zuciya da ke raguwa idan tuta ta faɗi ko aka ɓullo masa ta baya. Sannan a ba da lada ga wanda ya tsaya a gurbinsa, kamar yadda ake ba wanda ya kayar da abokin gaba.

Wani zai ce wasa ne kawai, kuma wa ke son zama dakare na bakwai a jere? Wannan ra'ayi ya raina wasa. Rundunar Furusiya ta karɓi wasan yaƙi na kan taswira a 1824 don horar da hafsoshinta, domin ta gane abin da doka ta saka wa lada shi ne ke zama ɗabi'a. Kuma akwai fargaba mai daɗi a zaɓin da ke gaban ɗan wasa idan abokinsa ya faɗi taku uku a gaba: ya fita ya ɗauko shi, ya bar gibi, ko ya dake yana kallo.

Kirari da waƙoƙin maza sun daɗe suna ba jarumi haƙƙinsa, har da ƙari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Bahaushe. Duk wanda zai rubuta dokokin wasa a kan yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya, ya fara da ƙididdige abin da mutum ke samu daga wanda ke tsaye kusa da shi.