Kada Sabon Iri Ya Kori Kanannado

Manoman Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, sun fara raja'a ga sabon irin wake mai nuna da wuri, watau irin su SAMPEA 10 da aka fitar a shekarar 2008. Ba laifinsu ba ne. Damina a nan gajera ce, ƙuduji kuwa ya addabi gonaki, shi ko wannan iri ƙuduji bai cika kama shi ba.

Amma fa akwai abin lura. Daga ina ƙarfin nan ya fito? Masana sun samo shi ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana, mai lamba B301. Da manoman can sun watsar da nasu, da ba a same shi ba. Shi kansa B301 ɗin, a Zakpota ta ƙasar Benin an tarar da wani ƙuduji da ke kama shi. Ashe in gari duka ya koma iri ɗaya, ranar da cuta ta kama shi kowa ya yi asara.

Lalle Kanannado yana da jinkiri, amma ƙwayarsa manya ce, kuma harawarsa ke riƙe tumaki da rani. Ma'aikatar IITA ta Ibadan ta adana irin wake fiye da 15,000, amma Ibadan ta yi wa mutumin Daddara nisa. Ya kamata kowane manomi ya ware wa Kanannado da Ɗan Ila 'yan kunyoyi bana. 'Yan kasuwa masu cinikin wake tsakanin Jibiya da Maraɗi su kuma su bar gauraya iri cikin buhu ɗaya.