FILIN SAMARI: Attajiran salula da yaron da ya gaji da boko

A fadar samari, wajen shan shayi, daga Maradi har Damagaram, akwai sababbin sunaye a bakin yara ƴan shekara 14 zuwa 18. A da ƴan kokuwa ne da ƴan ƙwallo. Yanzu an ƙara da Elon Musk, da Mark Zuckerberg, da Bill Gates, da marigayi Steve Jobs. Hotunansu suna yawo cikin salula tare da lissafin dukiyarsu, kuma sau da yawa da magana ɗaya a ƙarƙashi: wai duk sun bar makaranta ne, suka yi arziki.

Maganar ba ta tsaya a fada ba, ta shiga gida. Yaro yana shekarar ƙarshe ta koleji, jarrabawar BEPC tana gabansa, sai ya ce wa ubansa ya gaji da boko, ai waɗanda suka bar shi sun fi kowa kuɗi. Uban manomi ne, bai san mutanen ba, ba shi da amsa. To, ga amsar.

Bill Gates ɗan babban lauya ne a birnin Siyatil na Amurka. Tun a 1968, yana da shekara 13, makarantarsa ta masu hali ta ba yara damar aiki da kwamfuta, a lokacin da yawancin mutanen duniya ko ganin ta ba su taɓa yi ba. Makarantar da ya bari a 1975 jami'ar Harvard ce, wadda shigarta ma sai wanda ya yi zarra. Zuckerberg ɗan likitan haƙori ne, ubansa ya ɗauko masa malamin kwamfuta har gida. Shi ma Harvard ya bari, a 2004, bayan Facebook ya riga ya kama ƙasa. Wato ba daga aji suka fita zuwa tasha ba. Sun fita da ilimi a kai, da aiki a hannu, da gidan da zai ciyar da su in abin ya lalace.

Elon Musk kuwa, haifaffen Afirka ta Kudu, sai da ya kammala karatunsa a jami'ar Pensilbaniya. Steve Jobs ya bar jami'a da wuri, gaskiya ne, amma na'urar farko ta Apple a 1976 abokinsa Steve Wozniak ne ya haɗa ta, shi kuma ɗan injiniya ne da ya tashi cikin wayoyi.

Shin sun cancanci yabon da ake yi masu? Wani ɓangare, i. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Abijan ta WhatsApp. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba Zuckerberg ne ya ƙirƙiro shi ba. Jan Koum da Brian Acton ne suka yi shi a 2009, shi kuwa saye ya yi a 2014, a kan kusan miliyar 19 na dalar Amurka (ba dalar kasuwar Tasawa ba, mai tamma biyar). A 2019 hukumar Amurka ta ci kamfanin Facebook tarar miliyar 5 saboda wasa da sirrin jama'a. Wanda aka ba amanar asirin mutane ya yi sakaci da ita, ba a yi masa kirari a rufe ido.

Musk mai ƙoƙari ne, ba a hana shi wannan. Intanet ɗinsa na tauraron ɗan adam, Starlink, ya fara aiki a Nijar a 2025, yana kai wa inda turakun salula ba su kai ba. Amma motar Tesla da ake jingina masa wasu ne suka kafa kamfaninta a 2003, ya shigo da kuɗinsa a 2004. Da ya sayi Twitter a 2022, bai yi wata guda ba ya sallami wajen rabin ma'aikata. Yaran da ke yaba shi, iyayensu sun fi kama da waɗanda aka sallama.

Gates ne ya fi taɓa karkara, kuma ba da kwamfuta ba. Gidauniyar da ya kafa da matarsa ta lokacin a 2000 ta zuba kuɗi mai yawa cikin rigakafin shan inna. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Kuɗin nasa ne da na wasu, amma ƙafar da ta taka gida gida cikin rana ta ma'aikatan allura ce.

Akwai kuma waɗanda ba a jin sunansu a fada. Mo Ibrahim, ɗan Sudan, shi ya kafa Celtel a 1998, lokacin da manyan kamfanoni ke cewa Afirka ba ta da kuɗin salula. Celtel ya shigo Nijar, ya zama Zain, ya zama Airtel. Wannan mutum bai bar makaranta ba, ya yi karatun injiniya a Masar da Ingila har ya kai matsayin dokta.

Kusa da gida ga Abdou Maman, ɗan Nijar, masanin kwamfuta. Ya dubi mai garka da ke yini yana jan ruwa, sai ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana da salula. Mai garka yana kasuwa ko yana gida, ya buga lamba, ruwa ya fara zuba a cikin shuka, ya sake bugawa ya tsaya. A 2015, a taron ruwa na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu, aka ba shi babbar kyautar Sarki Hassan na Biyu saboda wannan aiki.