Masaukin Baƙi da Garin da Yake Ciki: Misali Daga Argungu

Tun kafin zuwan mota da otal, Bahaushe yana da tsarinsa na saukar baƙo. Idan ayarin fatake ya iso gari, a zango yake yada kaya, madugu kuma ya nemi fatoma. Aikin fatoma bai tsaya ga ba da ɗaki da tabarma ba. Shi ne yake gaya wa baƙo inda kasuwa take da ranar da take ci, ya haɗa shi da dillali mai amana, ya sa a kawo masa irin abincin da garin ya yi suna a kai, in ta kama kuma ya yi masa iso a fada. Baƙon da ya kwana uku a hannun fatoma yakan tashi da labarin garin a bakinsa, ya kai shi duk inda ya nufa.

Masaukin baƙi na zamani, musamman na ƙananan garuruwa, ya gaji ɗakin da tabarmar, amma ya yi watsi da sauran aikin. Matafiyi zai sauka da magariba, a miƙa masa makulli, a tambaye shi ko zai ci taliya ko soyayyar shinkafa, ya kwana yana jin ƙarar janareta, da asuba ya kama hanya. Da za a tambaye shi abin da ya gani a garin, ba zai wuce gidan mai da shataletale ba. Haƙiƙa wannan asara ce, kuma ba ta mai masauki kaɗai ba ce. Garin ya yi asarar ciniki, baƙon ya yi asarar ilmi, tarihin wurin kuma ya rasa bakin da zai ɗauke shi zuwa gaba. Garin Argungu da ke Jihar Kebbi ya isa misali, domin da wuya a sami garin da ya kai shi suna a duniya, da wuya kuma a sami wanda sunansa ya rataya ga 'yan kwanaki ƙalilan a shekara kamarsa.

Kowa ya ji Argungu, bikin kamun kifi ne yake faɗo masa a rai. An soma bikin a tsarinsa na yanzu a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Ziyarar ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya san abin da ya gabace ta. Tun da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa da Sakkwato suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gaba, ana yaƙi ana sulhu ana komawa yaƙi, Argungu kuwa ita ce ta zama cibiyar Kabawan da suka ƙi miƙa wuya. Wato dai bikin da baƙi suke kallo a matsayin wasan ruwa, asalinsa hatimin zaman lafiya ne tsakanin gidaje biyu. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Sai dai kuma bayan bikin 2009 an yi kimanin shekara goma ba a sake yin sa ba, sai a watan Maris na 2020. A tsawon waɗannan shekaru, mai ɗakunan haya da mai tuyar kifi da mai kwalekwale duk sun ɗanɗana abin da ke samun garin da ya ɗora kasuwar baƙinsa a kan kwana huɗu.

Abin tambaya shi ne, me ya hana baƙo zuwa Argungu a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da sanyin hunturu ya sauka, hanya ta bushe, fadama kuma ta cika da masu yankan shinkafa? Ba rashin abin gani ba ne.

Wuri na farko da ya kamata mai masauki ya nuna wa baƙonsa shi ne Gidan Tarihi na Kanta. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, a nan suka zauna har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, sa'an nan aka buɗe shi a matsayin gidan adana kayan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da tambura da layu da kayan su, kuma a harabarsa kaburburan sarakuna suke. Wanda ya shiga da ɗan jagora mai sani zai fito da fahimtar abin da littafin tarihi ba ya iya nunawa sai a hoto: nauyin kayan yaƙin da barde yake ɗauka, da ƙanƙantar ƙofar soro wadda take tilasta wa mai shiga ya sunkuya. Sunan da gidan yake ɗauke da shi na Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya kuma gina birninsa a Surame. Kufan Surame yana nan har yau a cikin Jihar Sakkwato, da ragowar ganuwarsa ta dutse, kuma ya cancanci tafiyar yini guda ga wanda ya sami ɗan rakiya da labarin lafiyar hanya.

Daga gidan tarihi sai bakin ruwa. Matan Fada, inda ake yin babban su, wuri ne da ake tsarewa, ba a barin kowa ya jefa homa a cikinsa sai ranar da aka ba da izni, kuma wannan hani shi ne sirrin girman kifin da ake kamawa. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Amma gulbi bai ƙare a Matan Fada ba. Da sassafe, kafin rana ta ɗaga, masunta suna fita da kwalekwale da taru da gura, wasu kuma suna kwance a kan gora suna iyo da ita, kamar yadda kakanninsu suka yi. Gorar nan abin lura ce: ita ce abin hawan masunci a kan ruwa, ita ce kuma ma'ajiyar kifin da ya kama. Baƙon da aka zaunar a gindin bishiya a bakin gulbi na sa'a guda tare da dattijon masunci zai ji sunayen da ba ya ji a birni: giwan ruwa da yauni da bargi da kurungu da rajiya da ƙarfasa da tsage da gaiwa da minjirya, kowanne da halinsa da lokacinsa da irin tarkon da ke kama shi. Zai ji matsayin Sarkin Ruwa, wanda ruwan yake hannunsa, da na Homa, shugaban masunta. Zai ji abin da ake nufi da gyaran ruwa da fashin ruwa. Idan an yi sa'a da samarin gari, zai ga ɗan abin da ake kira kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun kifi da hannu.

A nan ne wasu sukan ɗaga murya, su ce ai waɗannan al'adu suna da gaurayen tsafi, bai kamata a riƙa tallata su ba. Maganar tana da tushe, domin babu mai musun cewa gyaran ruwa na da can ya ƙunshi yanka da roƙon iskokin ruwa. To amma sanin abu daban, aikata shi daban. Malaman da suka rubuta tarihin ƙasar Hausa sun ambaci abin da ake yi a dutsen Dala kafin Musulunci, ba su zama masu yin sa ba. Ɗalibin da bai san abin da Kabawa suka bari ba, ba zai iya auna nisan tafiyar da suka yi ba. Wasu kuma matsalar tsaro suke kawowa, ita ma gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai tura baƙo daji ba tare da bincike ba. Sai dai wannan ma hujja ce ta buƙatar mai masauki irin fatoma, wanda ya san hanyar da ake bi da wadda ake ƙaurace wa a wannan makon.

Batun abinci ya fi kowanne ban takaici, domin shi ne mafi sauƙin gyara. Argungu tana zaune a bakin fadamar da take cikin manyan wuraren noman shinkafa a Nijeriya. A 2017 ma an buɗe babbar masana'antar gyaran shinkafa a garin. Ga kifi ɗanye da safe, ga bandararre a kasuwa kowane lokaci. Duk da haka, abin da aka saba jerawa a takardar abincin ƙananan masaukai shi ne abin da baƙo ya baro a Legas ko Abuja, sau da yawa ma da kifin da aka yo odarsa daga teku a daskare. Me ya sa? Akwai wata kunya da ta shiga zukatan mutane, wadda take raya musu cewa tuwo abincin gida ne, bai isa a sa shi a gaban baƙo mai mota ba. Wannan kuskure ne babba. Mutumin da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba taliya ya zo nema ba. A ba shi tuwon shinkafar fadama da miyar ɗanyen kifi, ko farfesun tarwaɗa da yaji, ko masa mai zafi da safe, ko dambun shinkafa da zogale. A aika kasuwa a sayo masa hoce, wanda mutanen Kano da Zariya da yawa sai dai su ji sunansa. Da rana a dama masa fura da nonon da Fulani suka shigo da shi a ranar. Kuɗin da zai biya kuwa zai bi ta hannun manomi da masunci da mai tuya da mai tallar nono, maimakon ya tsaya a kantin kayan gwangwani.

Akwai kuma wani abin da baƙo zai samu kyauta, wanda mai nazarin harshe zai fi kowa jin daɗinsa, wato Hausar wurin. Karin harshen Kabi yana cikin rukunin Hausar yamma, ɗan'uwan Sakkwatanci. A kasuwar Argungu kihi ake sayarwa, hura ake damawa, mai lafiya yana lahiya, wanda yake zuwa kuma shina zuwa. Za a ji wanga da wagga inda Bakano zai ce wannan, wato karin yana bambanta namiji da mace a wurin da daidaitacciyar Hausa ta haɗe su. Ga kuma Zabarmawa da Arawa da Fulani suna cuɗanya da Kabawa a kasuwa ɗaya, kowa da irin lafazinsa. Ɗalibin da ya haddace bambancin karin gabas da na yamma don cin jarrabawa, yini ɗaya a wannan kasuwa zai zaunar masa da darasin fiye da makon da ya yi yana bitar allo. Gani ya kori ji, ko da yake a wannan karon jin ne ake so.

To, wa zai ɗauki aikin fatoma a yau? Mai masauki ɗan kasuwa ne, sau da yawa ma ba ɗan garin ba ne, yaran da ya ɗauka aiki kuwa ba a koya musu komai game da Kanta ba. Hukumar yawon buɗe ido tana babban birnin jiha, hankalinta yana kan babban biki. Wanda ya rage, wanda yake cikin kowane gari, ya iya karatu da rubutu, ya kuma san dattawan unguwa ta hanyar 'ya'yansu da jikokinsu, shi ne malamin makaranta, musamman malamin Hausa. Argungu ma ta yi dace, domin Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a cikinta take. Ɗaliban sashen Hausa a kowace kwaleji suna rubuta kundin kammala karatu, yawancinsu a kan batutuwan da aka riga aka tatse, kundayen kuma su ƙare a kan kanta suna shan ƙura. Da za a ba ɗalibi ɗaya aikin tattara sunayen kifaye da kayan su daga bakin masunta, wani ya bi mata masu sana'ar abinci ya rubuta yadda ake yin kowane iri, wani ya zauna da masu kula da gidan tarihi, da an sami abin da zai cika ɗan littafi mai shafi 20, da Hausa da Ingilishi, wanda za a ajiye a kowane ɗaki na kowane masauki. Ba aikin miliyoyi ba ne. Takarda ce da tawada da zango ɗaya na karatu.

Amfanin bai tsaya ga baƙo ba. Yaron firamare da malaminsa ya kai shi gidan tarihin garinsu, ya sa shi ya tambayi kakansa sunan kifi goma ya rubuto, ya koyi insha'i da tarihi da kimiyyar halittu a aiki guda, kuma shi ne gobe zai tsaya a gaban baƙo ya yi bayani ba tare da kame-kame ba. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa kuwa raguwa suke yi. Masuncin da ya ga bikin shekarun 1960 da idonsa ya haura saba'in yanzu.

Ba Argungu kaɗai ke da irin wannan dukiya a kusa da masaukinta ba. Mai sauka a Birnin Kudu yana kwana kusa da zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, mai sauka a Daura yana iya takawa zuwa rijiyar Kusugu, kuma ɗalibin da za a tura koyarwar gwaji a wani ƙauyen da ba a taɓa jin sunansa ba zai tarar da tsohuwar ganuwa ko marina ko maƙera ko wata kuka mai labari. Abin da zai fara yi a makon farko shi ne ya je ya gai da mai gari, ya tambaye shi wane ne dattijon da ya fi kowa sanin asalin wurin, ya tafi da littafin rubutu da ɗan goro.