Dokar Farauta a Gandun Daji: A Ji Ta Bakin Maharba

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin al'adun Hausawa ya san cewa farauta tana cikin sana'o'in farko da ake lissafawa, tare da noma da kiwo da su da ƙira. Idan jarrabawa ta zo mukan rubuta cewa akwai Sarkin Dawa da Sarkin Baka, mu jero kayan aiki, watau kwari da baka da dafi da burtu da asuta da bindigar toka, mu ci makinmu mu wuce. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambaya ba shi ne, ina matsayin masu wannan sana'a a yau, tun da yake mafi yawan dazuzzukan da sauran namun daji suka fake a cikinsu sun zama gandun gwamnati, doka kuwa ta hana shigarsu da makami ko tarko. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa duk dokar da za a kafa a kan harbi da ɗana tarko a gandun daji, matuƙar ba a zauna da maharba da manoman da ke maƙwabtaka da gandun an ji ta bakinsu ba, to, iyakarta takarda, kuma namun dajin da ake son karewa su ne za su fi kowa cutuwa. Za a ɗauki gandun dajin Yankari na Jihar Bauci a yi misali da shi, domin ya fi sauran suna a ƙasar nan.

Yadda Dokar Ta Samo Asali

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa dokar kare namun daji a Nijeriya cikin 1916. Bayan samun mulkin kai, sai gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tata cikin 1963, wadda jihohin da aka ƙirƙiro daga baya suka gada. Wannan doka ta kasa dabbobi kashi-kashi, akwai waɗanda aka haramta kashewa, akwai waɗanda ba a harbinsu sai da lasin, sa'an nan ta hana wasu hanyoyin farauta, kamar sa guba da haska wa dabba fitila da dare da bin ta da mota. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan tanade-tanade ba su da kyau. Inda gizo yake saƙa shi ne, da Turanci aka rubuta su, a ofis aka tsara su, mutumin da suka fi shafa kuwa ba ya karanta Turanci, ba shi kuma da kujera a ofis.

Tarihin Yankari kansa ya isa shaida. An keɓe shi cikin 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido cikin 1962, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da farko daga Kaduna ake gudanar da shi. Da aka yi jihohi cikin 1967 sai ya faɗa Jihar Arewa Maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, cikin 1976 ya zama na Jihar Bauci, cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, cikin 2006 kuma ta mayar wa Bauci da abinta. A duk wannan kai-da-kawo, ofis ne yake shawara da ofis. Mutumin Mainamaji ko na ƙasar Duguri, wanda gonarsa take jingine da iyakar gandun, sai dai ya ji an sake shugabanni, sau da yawa ma ba ya sanin abin da doka ta ce sai ranar da ma'aikatan gandu suka ritsa shi.

Bai kamata a ɗauka cewa kafin zuwan Turawa daji sake yake ba. Farautar gayya tana da lokacinta, watau da rani bayan an kau da amfanin gona, kuma Sarkin Dawa ne yake tsai da rana, ya sa a yi shela, ya raba gardama idan mutum biyu suka yi jayayya a kan nama. Haka kuma keɓe wani yanki a hana taɓa shi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, muna da kalmar hurumi, littattafan fiƙihu kuma sun kawo yadda Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. Ashe ke nan da shugabanci da kalmomin da za a gina sabuwar doka a kansu duk suna nan, sai dai an tsallake su.

Abin Da Rashin Shawara Ya Haifar

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bayan shekara fiye da sittin ana tsaron Yankari da doka da bindiga, raƙumin dawa na asalin wurin ya ƙare, kyarkeci ya ɓace, zakuna sun koma 'yan ƙalilan, giwaye kuwa, waɗanda su ne abin alfaharin gandun, ƙiyasin da masu kula da wurin suka bayar a shekarun baya-bayan nan bai wuce 100 zuwa 150 ba. Dalilan suna da yawa, akwai yawaitar jama'a da shigar shanu da cinikin hauren giwa da ƙarancin kuɗin aiki. Amma a ƙarƙashinsu duka akwai wata ɓaraka guda, ita ce gabar da ke tsakanin gandu da maƙwabtansa.

A duba lamarin manomi. Garken giwaye yakan fito cikin dare ɗaya ya tattake gonar dawa ko masara da aka yi damina guda ana wahalarta. Idan manomin nan ya ɗaga bindiga ya zama mai laifi, idan ya kai kuka sau da yawa ba ya samun diyyar da za ta ciyar da iyalinsa. To, ranar da baƙon maharbi ya zo neman haure ya sauka a ƙauyen, don me manomin zai tona masa asiri? Ma'aikatan gandu komai ƙwazonsu ba za su iya kewaye daji mai wannan faɗi ba, wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Idanun da za su iya tsaron iyakar gandu dare da rana su ne idanun mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi, waɗannan idanu kuwa ba a samun su da tilas.

Daɗin daɗawa, mun ga abin da yake faruwa ga dajin da jama'a suka cire hannu daga gare shi, gwamnati kuma ta kasa riƙewa. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sansanin 'yan Boko Haram, Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari kuma ta zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Abin mamaki, da wuta ta yi wuta, maharban nan da doka take yi wa kallon ɓarayi su aka nema, kowa ya san rawar da suka taka cikin 2014 wajen ƙwato garin Mubi tare da sojoji. Idan har sanin dajin da maharbi yake da shi ya isa a dogara da shi ranar yaƙi, me ya hana ya isa a saurare shi ranar rubuta doka?

Amsa Ga Masu Suka

Wani zai ce, ai tambayar maharbi yadda za a kare nama tamkar ba kura ajiyar akuya ne, abin da zai nema kawai a buɗe masa daji. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Dokar Sarkin Dawa ta yi aiki ne a zamanin kwari da baka, lokacin da mutane ba su da yawa daji kuma yana da faɗi. Yau ga bindiga mai jigida, ga tarkon waya da ake yi da wayar birkin babur, wanda mutum ɗaya zai ɗana ɗari a yini guda, ba ya kuma bambanta gada da ɗan zaki. Saboda haka babu mai cewa a koma gidan jiya. Tsakiyar Yankari ta ci gaba da zama a rufe, giwa da zaki kuma ba abin ciniki ba ne a kowane zama.

Sai dai shawara daban, miƙa wuya daban. Kuskuren da dokar take yi a aikace shi ne yi wa mutane iri uku kuɗin goro: yaron da ya ɗana wa gafiya ko zomo tarko a bakin gonarsu, da mai harbin gwanki da kanki yana ƙyafewa yana kai wa kasuwa, da kuma mai kashe giwa don haurenta. Na farko maƙwabci ne da za a iya mayarwa abokin aiki, na biyu ɗan kasuwa ne da za a iya yi wa iyaka ko a sauya masa sana'a, na uku ne kaɗai abokin gaba. Wanda zai iya rarrabe su da suna da gida shi ne Sarkin Baka da mai unguwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Darasi Daga Wasu Wurare

Wannan ra'ayi an riga an jarraba shi a wasu ƙasashe. A jihar Alaska ta Amurka, dokar da ta keɓe manyan dazuzzuka cikin 1980 ta ba mazauna karkara fifiko wajen farautar abin da za su ci. An kasa jihar yanki goma, kowane yanki da majalisarsa ta mutanen wurin, ita ce take kawo shawara a kan lokacin farauta da adadin abin da za a kashe. Abin lura a nan shi ne, hukuma ba ta da ikon ture shawarar majalisar haka kawai, sai idan ba ta da hujja mai ƙarfi, ko ta saɓa wa ƙa'idar kare dabbobi, ko za ta cutar da abincin mutanen, kuma dole ta bayyana dalilinta. Gardama ba ta ƙare a can ba, amma a zaure ake yin ta.

Kusa da mu kuma, a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 cikin 1996. Da aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, aka ɗauki 'ya'yansu jagorancin baƙi, aka taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan basussuka, sai ga shi kafin 2018 sun haura 600. A Yankari ma an ga alamar haka bayan 2014, lokacin da Gwamnatin Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, aka ɗauki wasu mutanen ƙauyuka aikin sa ido a kan giwaye da korarsu daga gonaki, kisan giwa kuwa ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage shi ne a ɗaga wannan daga matsayin aikin ƙungiya, wanda yake iya tsayawa ranar da kuɗi suka yanke, a mai da shi haƙƙin da doka ta tabbatar.

Yadda Ya Kamata A Yi

Da farko, kowane gandu ya kasance yana da majalisar shawara ta dindindin, wadda za ta ƙunshi hakimai da sarakunan baka da wakilan manoma da na Fulani makiyaya da mata masu itace da masu ɗiban zuma, tare da ma'aikatan gandu da masana dabbobi. Na biyu, kada a sake wata ƙa'ida, ko ta lasin ko ta tara ko ta irin tarkon da aka yarda da shi a gefen gandu, sai an karanta ta da Hausa da sauran harsunan wurin a rediyo da kasuwa da ƙofar fada, an ba da lokaci mutane sun mai da jawabi. Zaman kuma a yi shi da rani, a ƙauye, domin taron da aka kira a otal a babban birni tsakiyar damina an riga an zaɓi waɗanda ba za su zo ba. Na uku, duk shawarar da hukuma ta ƙi, ta faɗi dalili a bainar jama'a. Na huɗu, maganar diyyar gonar da giwa ta ɓata ta shiga cikin dokar kanta, a san mai biya da lokacin biya. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga dokokinmu, tun 1992 akwai dokar da ta wajabta a baje rahoton illar manyan ayyuka ga muhalli domin jama'a su duba su yi magana.

Aikin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Wani ɗan'uwa ɗalibi zai ce wannan ai maganar Sashen Nazarin Dabbobi ce ko na Shari'a. A ganina tamu ce kafin ta zama tasu, domin katangar farko da ta raba maharbi da doka ita ce harshe. Wa zai fassara dokar 1963 da waɗanda suka biyo bayanta zuwa Hausar da za a fahimta, a boko da ajami, idan ba mu ba? Wa zai daidaita sunayen dabbobin da ke cikin jadawalinta, a san wace ce mariya, wane ne mazo, wace ce gwambaza, don kada a kama mutum a kan sunan da bai taɓa ji ba? Kundayen digirinmu cike suke da kirarin maharba da waƙoƙinsu da surkullensu, amma da wuya ka ga wanda ya tambaye su watan da ɓauna take haihuwa, ko hanyar da giwa take bi idan ruwa ya janye. Wannan ilmi yana cikin kawunan tsofaffi, kullum kuwa raguwa suke yi. Ina roƙon malamanmu su karkata wasu daga cikin masu neman batun bincike zuwa wannan fage.

Kammalawa

An nuna a wannan rubutu cewa dokokin farauta a gandun daji daga sama suka sauko, cewa rashin jin ta bakin maƙwabtan gandu ya mai da su 'yan kallo ko abokan gaba, kuma inda aka jawo su a jiki dabbobi sun farfaɗo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Giwayen da suka rage a bakin kogin Gaji ba su da yawan da za su jure wa wasu shekaru sittin na rashin jituwa, saboda haka ya kamata hukuma ta kira zaman nan tun ana da sauran abin da za a yi shawara a kansa.